Tumbak ma taba ce

Dindir gari ne a ƙasar Sudan, a bakin wani kogi mai wannan suna. Hausawa da yawa sun zauna a yankin. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Hausa, wasu a kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903.

A Sudan akwai wata taba da ake kira tumbak. Ana noman ta a Darfur. Akan shanya ganyen, a daka, a gauraya da kanwa da ɗan ruwa. Ba a kunna ta. Dunƙulawa ake yi a sa tsakanin leɓe da dasashi, kamar yadda wasu tsofaffi ke yi da taba gari a ƙasar Hausa.

A wani ƙauye kusa da Dindir an yi wani manomi mai shan sigari. Da tari ya dame shi, sai ya bar sigari ya koma tumbak. Yakan ce: "Wannan ba ta da hayaƙi, ba ta cutarwa."

Wata rana wani farin tabo ya fito masa a cikin leɓe. Aka yi wata guda bai ɓace ba. Ɗiyarsa ƴar makaranta ta ce: "Baba, don Allah mu tafi asibiti." Suka tafi.

Likita ya duba bakinsa, ya ce: "Baba, Allah ya taimake ka ka zo da wuri. Irin wannan tabo yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Daidai wurin da kake ajiye tumbak ya fito."

Manomi ya ce: "Likita, ai ba hayaƙi nake zuƙa ba."

Likita ya ce: "Dafin cikin ganyen yake. Sigari na ɓata huhu da zuciya. Tumbak na cin dasashi, ta ɓata haƙora, ta kawo ciwon daji a baki. Dukansu suna da nikotin, wanda ke kama mutum ya kasa bari."

Manomi ya sha wuya kwanakin farko, amma ya daure ya bari. Kuɗin tumbak ya koma na littattafan ɗiyarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Shi ya sa aka ware ranar 31 ga Mayu don yaƙi da ita. Yaron da bai fara ba, ya huta da wahalar bari. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Dindir take?
2. Da me ake haɗa tumbak?
3. Wane kuskure manomi ya yi da ya bar sigari?
4. Me yaro zai ce wa abokin da ya miƙo masa taba?