Hawan Babur Mai Ƙafa Huɗu a Tsibirin Kozumel: Shawarwari ga Fasinjojin Jirgin Ruwa

Manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke tasowa daga tashoshin Amurka, irin su Miyami da Galbeston da Niyu Olins, sukan yada zango a tsibiran tekun Karibiyan da safe su tashi kafin dare, kuma a 'yan sa'o'in nan ne fasinja ke samun damar taka ƙasa. Daga cikin fitar da ake tallata masa a wannan tsakani, kaɗan ne suka kai farin jinin hawan babur mai ƙafa huɗu, wato ƙaramin abin hawan nan mai tayoyi huɗu masu kauri wanda aka fi sani da ATV, da aka ƙera domin jeji da taɓo da duwatsu. Ana tafiyar ne a ayari, jagora na gaba, fasinjoji na biye da shi ɗaya bayan ɗaya. Tsibirin Kozumel na ƙasar Meksiko, wanda ke cikin tashoshin da jiragen shaƙatawa suka fi ziyarta a duniya, ya isa misali, domin kusan duk abin da ya kamata matafiyi ya yi la'akari da shi game da wannan fita yana bayyana a can.

Kozumel yana gabas da zirin Yukatan, a jihar Kintana Ro, tsawonsa kimanin kilomita 48 ne, faɗinsa kuma kimanin 16. Garin San Migel da matsayun jiragen uku duk suna gaɓar yamma, yayin da tsakiyar tsibirin kurmi ne mai gajerun bishiyoyi da ya tsiro a kan dutsen farar ƙasa. Yawancin tafiye-tafiyen babur suna farawa ne daga wajejen El Sedral, wani tsohon ƙauye da ke kudancin tsibirin mai ɗan kufai na mutanen Maya, su ratsa kurmi zuwa wani senote, wato rami ko kogon da ruwa ya narkar da dutse ya haƙa, ya kuma taru a cikinsa. Fitar gaba ɗaya takan ci sa'o'i 3 zuwa 4, amma hawan kansa wani yanki ne kawai na wannan lokaci, sauran yana tafiya a mota da cike takardu da tsayawa a bakin teku. Hanyar ba ta da tuddai sosai, abin da ke sa baƙo ya raina ta, alhali dutsen farar ƙasa yana da kaifi, yana da ramuka, kuma idan ruwan sama ya sauka kududdufai sukan ɓoye zurfin waɗannan ramuka.

Babban kuskuren da ke jefa baƙi cikin haɗari shi ne zaton cewa abin da ke tsaye da kansa a kan ƙafa huɗu ba zai faɗi ba. Tarihin wannan abin hawa ya ƙaryata zaton. Kamfanin Honda ya fito da mai ƙafa uku a 1970, kuma yawan kifewarsa ya sa aka dakatar da sayar da sababbinsa a Amurka a 1988, aka koma ga mai ƙafa huɗu, wanda ya fi shi tsayuwa amma bai rabu da matsalar ba. Mahayi yana zaune ne a sama, tazarar da ke tsakanin tayoyin dama da na hagu kuwa gajera ce, saboda haka nauyin yana taruwa a can sama, kuma kwana ɗaya da aka sha da gudu ko dutse ɗaya da taya ta hau ya isa ya kifar da shi. Nauyin irin wanda ake ba manya yakan haura kilo 200, ba shi da rufi, ba shi da bel, kuma idan ya kife sau da yawa a kan mahayinsa yake faɗawa, inda yakan danne ƙirji ko ya karya ƙashin baya.

Wanda ya saba da babur mai ƙafa biyu yana buƙatar gargaɗi na musamman, domin sabon da jikinsa ya yi yana iya cutar da shi a nan. Mai babur yakan kwantar da shi idan zai sha kwana, amma mai ƙafa huɗu ba ya kwanciya, sai dai mahayi ya juya kan da hannu, ya kuma karkata jikinsa zuwa cikin kwanar domin kada tayoyin ciki su ɗaga. Da yawa daga cikinsu sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa tayoyin baya, don haka tayoyin biyu suna juyawa da sauri ɗaya, abin da ke sa babur ɗin ya nemi miƙewa gaba ko da an juya kansa. Mai babur kuma yakan sauke ƙafa ƙasa idan ya ji zai faɗi, wanda a nan babbar kasada ce, tun da tayar baya tana bayan matakin ƙafa kai tsaye, za ta iya taka ƙafar ta janyo mutum ƙasa. Totur ɗin ma ba murɗawa ake yi ba, wani ɗan maɗanni ne da ake turawa da babban yatsa, kuma baƙon da ya firgita ya damƙe kan babur yakan danna shi ba da niyya ba a daidai lokacin da yake neman birki. Idan za a hau tudu ana karkata gaba, idan za a gangara ana ja da baya, kuma ba a ratsa gangare ta gefe. Tayoyinsa masu ƙarancin iska an yi su ne domin su ɗan zame a kan ƙasa, a kan kwalta kuwa sukan kama da ƙarfi su jefar da babur ɗin, shi ya sa masu ƙera shi da kansu suke hana hawansa a titi.

Batun goyo da yara shi ne inda iyalai suka fi yin sakaci. Dogon sirdin babur mai ɗaukar mutum ɗaya an yi shi ne domin mahayi ya riƙa matsawa gaba da baya, ba domin a goya wani ba, kuma na mutum biyu na gaskiya ana gane shi da majinginar baya da mariƙi da matakin ƙafa na fasinja. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa wannan abin hawa, kuma uban da ya ga wani kamfani ya sassauta wannan ƙa'ida bai kamata ya ɗauki sassaucin a matsayin alheri ba. Mai ciki, da mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, duk bai dace su hau ba saboda jijjigar hanya. Iyalin da ke son shiga kurmin tare sun fi samun kariya a cikin motar jeji ƙarama da ake kira UTV, mai sitiyari da kujeru gefe da gefe da bel da kejin ƙarfe, muddin kowa ya ɗaura bel ɗinsa ya kuma riƙe hannayensa a ciki. Yawancin kamfanoni suna neman lasisin tuƙi na asali daga wanda zai tuƙa, don haka a fito da shi daga jirgi.

Akwai hanyoyi biyu na sayen wannan fita: ta hannun jirgin, ko kai tsaye daga kamfanin da ke tsibirin. Ta jirgi ta fi tsada, amma idan ayarin ya makara jirgin yakan jira shi, ko ya ɗauki nauyin kai fasinja tasha ta gaba. Wanda ya saya da kansa ba shi da wannan alkawari, kuma idan jirgi ya tashi ya bar shi, kuɗin otal da na jirgin sama duk a wuyansa suke. A Kozumel wannan haɗari yana da wani sababi da baƙi ba su cika sani ba. Tun 2015 jihar Kintana Ro take bin agogon da ke bayan na Girinwic da sa'a 5 duk shekara, yayin da jihar Fulorida, inda Miyami take, wadda ke bin wannan agogon a sauran watanni, ke tura agogonta gaba da sa'a ɗaya daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Wasu jiragen ba sa canza agogonsu idan sun isa tasha, wayar salula kuwa takan koma agogon gari da kanta, saboda haka a waɗannan watanni fasinjan jirgin da ya taso daga Fulorida da aka ce ya dawo ƙarfe 4:30 na yamma agogon jirgi zai ga wayarsa tana nuna 3:30 a daidai lokacin da ake shirin janye tsani. Maganin wannan shi ne agogon hannu da aka saita da na jirgi, da zaɓen fitar safe wadda za ta ƙare aƙalla sa'o'i 2 kafin lokacin dawowa, da kuma riƙe lambar wakilin jirgin a tasha, wadda akan buga a takardar shirye-shiryen kowace rana. Ya kamata kuma a san sunan matsayar da jirgin ya tsaya, ko Punta Langosta ce, ko Puwarta Maya, ko matsayar ƙasa da ƙasa, domin direban tasi zai tambaya.

Sayen fita ta hannun jirgi ba ya nufin jirgin ya ɗauki alhakin lafiyar fasinja, domin sharuɗɗan tikiti galibi suna bayyana cewa masu gudanar da fitar kamfanoni ne masu zaman kansu. Kafin a hau kuma akan miƙa wa kowa takardar yafe haƙƙi, wadda sa mata hannu ke nufin mutum ya yarda cewa ya san haɗarin kuma ba zai nemi diyya ba, sannan sau da yawa tana ɗora masa kuɗin gyara idan babur ya lalace. Wannan takarda ta cancanci a karanta ta a tsanake ko da layi ya yi tsawo, kuma ɗaukar hoton babur ɗin ta kowane gefe kafin a tashi yana kawar da gardama a kan tsohon lahani. Inshorar tafiya ta fi duk wannan muhimmanci, domin da yawa daga cikin irinta suna cire hawan babur mai ƙafa huɗu daga abin da suke biya, ko su shardanta hular kwano da lasisi, ko su biya idan jagora ne ke gaba kawai. Asibitoci masu zaman kansu a wuraren yawon buɗe ido na Meksiko sukan nemi a biya ko a ajiye kuɗi kafin magani, asibitin jirgi ma ba kyauta ba ne, kuma ɗaukar majinyaci a jirgin sama zuwa wata ƙasa yana da tsadar da za ta iya cinye dukiyar gida. Wanda inshorarsa ba ta ambaci wannan hawa a rubuce ba, gara ya haƙura da shi.

Sutura kuwa dogon wando ne mai kauri, da riga mai dogon hannu, da takalmi rufaffe, domin salansa da injin suna zafi kusa da ƙafa, rassan kurmi kuma suna yanka. Babbar riga da jallabiya da mayafi mai reto suna iya shiga taya ko su naɗe a sandar baya, saboda haka mace mai lulluɓi ta zaɓi gajeren hijabi mara allura da za a cusa cikin riga, wanda hular kwano za ta zauna a kansa daram. Hular ta zama wadda ta rufe kai har haɓa, ba ta tsage ba, igiyarta tana ɗauruwa, kuma idan aka girgiza kai ba ta motsi. Zafi a lokacin bazara yakan haura digiri 30 tare da gumi mai yawa, don haka ruwan sha da maganin shafawa na korar sauro suna cikin guzuri, tun da zazzaɓin dengi, wanda sauro ke yaɗawa, yana nan a yankin.

Nagartar kamfani tana bayyana tun kafin a tayar da inji. Jagora na ƙwarai yana bayanin birki da totur da alamun hannu, yana barin kowa ya gwada a fili, yana sa wani ma'aikaci a bayan ayari, kuma yana ɗauke da kayan agajin gaggawa da hanyar kiran taimako. Fasinja ya matsa birkin gaba da na baya da kansa, ya duba tayoyi, ya nemi a canza masa idan bai gamsu ba. A kan hanya kuma ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba, domin karo daga baya yana yawan faruwa a ayari idan ƙura ta rufe ido, kuma kada ya ƙara gudu don kawai an bar shi a baya, tun da aikin jagora ne ya jira. Yawancin fitar Kozumel suna haɗawa da ɗanɗana tekila, wata barasa ta Meksiko, kuma wanda ba ya sha yana iya ƙi ba tare da wata matsala ba. Abin da ya shafi kowa shi ne lokacin da ake yin ta, domin ayarin da aka shayar kafin a gama tuƙi haɗari ne har ga wanda bai taɓa kofin ba.

Damina a Kozumel takan kama daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin guguwar teku kuma daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma a waɗannan watanni jirgi yana iya fasa tsayawa, don haka mai saye da kansa ya tabbatar za a mayar masa da kuɗinsa idan hakan ta faru. A cikin watannin ne kuma kunkurun teku ke yin ƙwai a yashin gaɓar gabas, inda taya ɗaya za ta iya murƙushe sheƙa gaba ɗaya. Irin wannan ɓarna ce ta sa hukumar gandun Arikok da ke tsibirin Aruba ta hana waɗannan ababen hawa shiga gandun a 2020. Matafiyin da jagoransa ya kauce daga hanyar da aka ware, ko ya hau yashin bakin teku da ayari, ya kamata ya ƙi bin sa, ya kuma kai ƙara teburin kula da fita na jirgin da zarar ya dawo.