Darasi: Gyaran ɗaki don ango da amarya

Bayan an girbe hatsi aure yana yawa a garuruwanmu. Saurayi zai gyara ɗakin da za a kawo masa amarya. Sau da yawa kuɗin duka suna tafiya wajen fenti da labule da gado mai madubi. Rufi kuwa ba a ko duba shi. Amma ɗakin nan, badi war haka jariri zai kwana a cikinsa. Saboda haka gyara yana da tsari: abin da ke tsare rai shi ne gaba, ado daga baya.

A fara da sama. A hau soro a duba tsaga. A shiga ciki a ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Wadda gara ta ci za ta yi amo kamar ganga, sai a sauya ta. A buɗe indararo, a ƙara tsawonsa don kada ruwa ya zuba a gindin bango. Wannan ba wasa ba ne. A daminar 2024 gidajen ƙasa da yawa sun faɗi a Maradi da Damagaram, har tsohon masallacin Birni na Zinder ya rushe. Lokacin wannan aiki shi ne rani, tun kafin watan Yuni.

Sai bango. Kowace tsaga gida ce ga kuɗin cizo da kunama da kyankyaso. A toshe ta da laka mai ramno, a yi yaɓe. Ga kuskuren da mutane da dama ke yi: suna shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa. Siminti da laka ba sa riƙe juna. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ya ɓamɓare, ruwa ya shige ta baya yana cin bango ba a gani. Makuba da kakanninmu ke samu daga ɓawon ɗorawa ta fi dacewa da bangon ƙasa. A ciki kuma a shafa farar ƙasa. Tana da araha, tana haskaka ɗaki. In akwai tsohon fentin mai a ƙofa, kada a kankare shi yara na kusa, domin wani fenti yana da dalma, ita kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yaro.

Ƙasan ɗaki shi ne inda jariri zai yi rarrafe, abin da ya tsinta kuma baki zai kai. Nan ne ya kamata simintin ya tafi. A haɗa bokiti 1 na siminti da bokiti 3 na yashi mai tsabta. Bayan an shafe, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7, in ba haka ba zai tsattsage. Wanda ba shi da hali, daɓe mai kyau ya wadatar.

Tsofaffin ɗakunanmu taga ɗaya gare su, ƙarama, wani lokaci ma a cusa mata tsumma. A fasa ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko, iska ta shiga ta fita. A sa musu ragar waya. A kafa ƙusoshi 4 na ɗaura sange, uwa da ɗa su kwana ciki kowane dare, ba da damina kaɗai ba. Murhu kuma a fitar da shi waje ƙarƙashin rumfa. Ko da sanyin hunturu kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki. Hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Mai zaman haya a Yamai ko Tawa, ya yi magana da mai gida tukuna, gaban shaidu 2. A rubuta abin da za a kashe da yadda za a cire shi cikin kuɗin wata. Ga amfanin karatunku ya zo.

Aikin gida: ɗakin wani ango yana da tsawon mita 4, faɗin mita 3. Murabba'in mita nawa ne za a shafe da siminti? In magini ya auna bokiti 6 na siminti, bokitin yashi nawa zai zuba? Ku kai wa malaminku amsa ranar karatu mai zuwa.