Yadda Ake Haɗa Ƙarafen Injin Jirgin Sama Ba Tare Da Walda Ba

A cikin injin jirgin sama akwai wasu ƙananan fukafukai masu juyawa a tsakiyar wuta. Ana ƙera su da gaurayen ƙarfe na musamman wanda nikel ya fi yawa a cikinsa, saboda yana riƙe ƙarfinsa a zafin da ya kai wajen digiri 1,000.

Matsalarsa ita ce ba ya son walda. Alminiyom da titaniyom da ke ba shi ƙarfi su ne kuma ke sa ya tsage idan aka narkar da shi ya huce da sauri. Tsagewa a irin wannan wuri kuwa magana ce ta rayukan fasinjoji.

A farkon shekarun 1970 injiniyoyin kamfanin Pratt & Whitney na Amurka suka fito da dabarar da ake kira TLP, wato haɗi da narkakken ƙarfe na wucin gadi.

Ga yadda take aiki. Ana sa siririn fallen nikel mai ɗauke da sinadarin boron tsakanin ƙarafen biyu. Nikel zalla sai a digiri 1,455 yake narkewa, amma boron kan sauko da shi zuwa wajen 1,100. Sai a saka su a tanderun da aka zuƙe iskar cikinsa, a ɗaga zafi har fallen kaɗai ya narke ya cike tsakani.

Daga nan sai a bar zafin yadda yake. Ƙwayoyin boron ƙanana ne ƙwarai, don haka sukan riƙa kutsawa cikin ƙarafen biyu. Boron na raguwa, ruwan ƙarfen na daskarewa, alhali tanderun bai huce ba. A ƙarshe mahaɗar takan zama kusan iri ɗaya da asalin ƙarfen.

Sai dai aikin na cin sa'o'i. Idan aka yi gaggawar kashe wuta, ragowar ruwan zai daskare ya bar layi mai gautsi a tsakiya, kuma daga nan tsagewa ke farawa.

Masana'antar lantarki ma tana amfani da irin wannan dabarar. Kuza na narkewa a digiri 232, amma idan ta gama shiga cikin jan ƙarfe, mahaɗar kan jure zafin da ya haura 400. Shi ya sa ake amfani da ita wajen liƙa ƙananan sassan lantarki masu ɗaukar zafi sosai.