Makin Jarrabawa Ba Shi Ne Kai Ba

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, matso kusa ka ji, domin na lura tun da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ya fito ka janye jiki daga mutane, kullum kana duban lambar nan a waya kamar ita ce sunan da aka raɗa maka.

Ba yau aka fara auna mutum da maki ba. Gwajin basirar da duniya ke ji da shi, wani Bafaranshe ne, Alfred Binet, ya tsara shi a 1905 tare da abokin aikinsa Simon, domin a gano yaran da karatu ke ba wuya a taimaka musu, kuma shi kansa bai yarda basira tana tsayawa wuri guda ba. A Amurka ne aka mayar da shi abin jera mutane, wane gaba, wane baya. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya zaɓi yara fiye da 1,000 masu maki mafi yawa, ya bi rayuwarsu shekara da shekaru, babu ko ɗaya da ya ci kyautar Nobel, alhali yara biyu da gwajin ya zubar, William Shockley da Luis Alvarez, sun ci.

Mu dawo gida. A 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito har da hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, aka sake musu jarrabawar. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da suka yi kwanaki suna kiran kansu daƙiƙai a kan laifin da ba nasu ba.

Ko ranar da na'ura ta yi daidai, abin da ka amsa a safiyar jarrabawar kaɗai ta ƙirga. Ba ta san da fitilar waya ka yi bita ba, ba ta san hannunka na rawa ba don ba ka saba da kwamfuta ba, balle ta san kai ke riƙe lissafin shagon mahaifiyarka, ko naira ba ta taɓa ɓata ba.

Kada ka ɗauka lasisin lalaci nake ba ka, domin jami'a maki take nema, saboda haka ka yi haƙuri ka ɗauko littattafanka, ka fara da darasin da ya fi kayar da kai. Ranar da ƙanwarka kuma ta kawo nata sakamakon, don Allah ka fara yi mata sannu da ƙoƙari kafin ka tambaye ta nawa ta ci.