Malamin Ƙauyen Da Ya Girgiza Sarautar Sin

Ran nan na ba 'yan aji uku tambaya guda a kan tarihin ƙasar Sin, na ce su faɗi abin da ya haddasa tawayen Taiping. Da na zauna duba takardu, sai na tarar kusan duk bakinsu ɗaya: wai wani mutum ne ya faɗi jarrabawa, ya yi fushi, ya ta da yaƙi. Ban ce ƙarya suka yi ba, amma amsar ba ta kai ba, kuma ina tsoron kada gobe su tsaya gaban yara su koyar da ita haka.

Mutumin dai sunansa Hong Shiucuwan. An haife shi a 1814 a wani ƙauye kusa da birnin Kanton, cikin kabilar Hakka. A zamanin nan babbar hanyar samun aikin sarauta a Sin ita ce cin jarrabawa a kan littattafan Konfushiyas, masu ci kuwa ba su taka kara sun karya ba. Hong ya shiga har sau huɗu bai ci ba. Bayan faɗuwarsa ta 1837 ya kwanta ciwo, ya yi ta mafarke-mafarke. A 1843 ya karanta waɗansu 'yan takardun Kirista da aka taɓa ba shi a Kanton, sai ya ce ya gane fassarar mafarkinsa, wai shi ƙanen Annabi Isa ne, an aiko shi ya kori aljannu daga Sin. Sana'arsa kuwa irin tamu ce, malamin makarantar ƙauye ne. Da ya kawar da allunan Konfushiyas daga makaranta, sai iyayen yara suka janye 'ya'yansu.

To, kowace shekara dubbai su ke faɗuwa wannan jarrabawa, su koma gida su haƙura. Abin tambaya shi ne, me ya sa talakawa suka sayar da abin da su ke da shi suka bi wannan?

Ku fara duban cikin manomi. Wajen shekara ta 1700 mutanen Sin kamar miliyan 150 ne, amma kafin 1850 sun wuce miliyan 400, gona kuwa ba ta ƙaru haka ba. Sa'an nan ga maganar kuɗi, wadda na fi so ku riƙe. Manomi ya kan sayar da shinkafarsa da kuɗin tagulla masu huda a tsaka, kamar anini, amma haraji da azurfa a ke ƙidaya shi. A ƙa'ida awo ɗaya na azurfa, wanda a ke kira tayil, tagulla dubu ne. Da fataken Ingilishi suka yi ta shigo da ofiyam, wani abin maye da a ke zuƙa kamar taba, sai azurfa ta yi ta fita daga ƙasar, ta yi tsada, har tayil ya kai wajen tagulla dubu biyu. Ku lissafa da kanku. Sarki bai ƙara ko anini a takarda ba, amma manomi sai ya auna shinkafa ninki biyu kafin ya fita.

Ana cikin haka Ingilishi suka ci Sin da yaƙi tsakanin 1839 da 1842, aka buɗe musu tashoshin jiragen ruwa biyar. Ciniki ya karkata zuwa Shanghai, 'yan dako da masu kwalekwale na hanyoyin Kanton suka rasa abin yi. A jihar Gwangshi ga yunwa, ga 'yan fashi, ga faɗan gona tsakanin Hakka da waɗanda suka riga su zama. Sarakunan kuma ba Sinawan asali ba ne, Mancu ne da suka ci ƙasar a 1644, suka tilasta wa maza aske goshi da yin kitso guda.

A can Gwangshi wani abokin Hong, Fang Yunshan, shi ma malamin ƙauye, ya tara masu ƙona gawayi da masu haƙar ma'adini da matalautan manoma cikin jam'iyyar masu bauta wa Allah. Kowa ya kawo abin hannunsa a zuba baitulmali guda, a ci tare, a tsare juna. Ga wanda ya kwana da yunwa, wannan ya fi kowane wa'azi shiga kunne.

A watan Janairu 1851 suka ɗaga tuta, suka sa wa mulkinsu suna Taiping, watau babban zaman lafiya. Suka bar gashi ya yi tsawo, suka nufi arewa, a watan Maris 1853 suka ci Nankin suka mai da shi babban birninsu. Suka hana ofiyam, suka yi alkawarin raba gonaki daidai, alkawarin da bai cika ba. Abin dariya, Hong da kansa ya kafa jarrabawar ɗaukar ma'aikata, sai dai littattafansa a ke tambaya.

A 1856 manyansu suka faɗa wa juna, aka kashe Yang Shiucing, mai ƙona gawayin da ya zama babban mai shirya musu yaƙi, tare da dubban mutanensa. Wanda ya gama da su kuma wani masani ne, Zang Gwofan, wanda ya ci babbar jarrabawa a 1838. Ya tara runduna daga jiharsa ta Hunan, ya ce wa masu karatu da masu gonaki su tashi su tsare koyarwar kakanninsu. Turawa ma sun taimaka da bindigogi da hafsoshi, cikinsu har da Gordon, wanda mutanen Mahadi suka kashe a Hartum a 1885.

Hong ya mutu a watan Yuni 1864, Nankin ta faɗi a watan Yuli. Masana sun ƙiyasta waɗanda suka hallaka da yaƙi da yunwa da annoba sun kai miliyan 20, waɗansu ma sun ce sun fi. Kafin shekarar ta ƙare Zang ya sa aka gyara zauren jarrabawa na Nankin, ɗalibai suka sake shiga suka zauna. Ba a soke wannan jarrabawa ba sai a 1905.