Kafin ka sayo murhun gilashi, juya tukunyar gidanku ka dubi gindinta

Aikina jan waya ne da haɗa sola, daga cikin garin Kunci zuwa ƙauyukan da ke kewaye, wani lokaci har Tsanyawa da Bichi. A 'yan shekarun nan an ƙara mini wani aiki da ban nema ba, wato duba murhun lantarki mai fuskar gilashi da ake cewa ya lalace. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, kalanzir ya fi ƙarfin talaka, gas ya yi tsada, ga shi sai an yi tafiya kafin a samu wurin cikawa. Itace kuwa, duk wanda ya san yankinmu ya san gona ke bin gona, babu dajin da za a shiga a saro. Kara muke tarawa bayan kaka, kuma kafin damina ta yi nisa ya ƙare. Shi ya sa duk wanda ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano ya ga murhun nan yana sheƙi, sai ransa ya biya.

Kwanakin baya wata dattijuwa ta aiko a kira ni. 'Yarta amarya ce, an sa mata murhun a kayan ɗaki, yau kwana uku ya ƙi dafa ko da ruwan shayi. Ta ce, “Ɗan nan, duba mana, ko dai jabu suka sayar mana?” Na jona, fanka ta tashi, lambobi suka haska. Amarya ta ɗora tukunyarta, irin ta alminiyum ɗin nan da maƙera ke zubawa, sai murhun ya hau ƙara yana nuna E0. Na ce, “Inna, a ba ni kwanon sha mai fenti.” Na zuba ruwa na ɗora, kafin mu gama gaisawa da maigidan ya fara tafasa. Murhu lafiyarsa ƙalau, da tukunyar ce ba su dace ba.

Murhun gilashin nan iri biyu ne a kasuwa, kuma a ido kamar tagwaye suke. Akwai indakshan, akwai halojin. Shi indakshan ba ya yin zafi da kansa. A ƙarƙashin gilashin akwai naɗin wayar tagulla, lantarki na kai da komo a cikinta fiye da sau dubu ashirin a daƙiƙa ɗaya, sai ya haifar da ƙarfin maganaɗisu. Wannan ƙarfi shi ke ratsa gilashin ya shiga gindin tukunya ya motsa lantarki a jikin ƙarfen, ƙarfen ya ɗauki zafi. Tukunyar ce da kanta ke zama garwashi. Asalin ilimin tsoho ne, Michael Faraday na Ingila ya gano shi tun 1831. Sharaɗinsa ɗaya: dole gindin tukunyar ya zama ƙarfen da mayen ƙarfe ke kamawa. Tukunyar alminiyum ba ta shiga, ta ƙasa ma haka, kuma su ne tukwanen da suka cika madafanmu.

Halojin kuwa fitila ce mai tsananin zafi a ƙarƙashin gilashi. In ka kunna za ka ga da'ira ta yi jajir, zafin ya huda gilashin ya bugi duk abin da aka ɗora. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da wannan suna ma ba fitila ba ce a ciki, siririn ƙarfe ne mai lanƙwasa da ke yin ja, amma aikinsu ɗaya. Ba ruwansa da irin tukunya, muddin gindinta a shafe yake. Nan ma akwai magana, domin tukunyar tuwonmu gindinta a kumbure yake, an yi ta ne don ta zauna a kan duwatsu uku. In ka ɗora ta a gilashi wuri kaɗan ne zai taɓa, sauran zafin ya bi iska, ɗakin ya ɗauki zafi, tuwo bai nuna ba.

Don haka abu na farko da nake ce wa kowa: ɓallo mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifikar rediyo, ka bi tukwanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya manne wa gindinta za ta yi a indakshan. In babu ko ɗaya, to kuɗin indakshan ba na murhu ba ne kaɗai, har da na sababbin tukwane. Ka sa mayen ƙarfen a aljihu ranar da za ka kasuwa, domin ko tukwanen silba masu ƙyalli ba duka yake kamawa ba.

Sai maganar wuta, wadda ta fi ta tukunya nauyi a wurina. Kowanne daga cikinsu, mai kai ɗaya, yana jan wajen wat 2,000 in an ƙure shi, kwatankwacin fitilun LED masu wat 10 guda ɗari biyu a kunne lokaci guda. A wutarmu mai bolt 230 hakan ya kusa amfiya 9. Soket mai amfiya 13 zai ɗauka, in wayar da ke bayansa mai kauri 2.5 ce kuma ta tagulla ce ta gaske. Amma gidaje nawa ne a ƙauyukanmu aka ja musu irin wannan? Mafi yawa siririyar wayar fitila ce aka zagaya da ita ko'ina. Na shiga wani ɗaki na tarar an jona halojin a doguwar waya mai baki huɗu, ta bi ta ƙarƙashin ledar ɗaki. Da na ɗaga ledar, robar wayar ta narke ta manne da siminti, ga katifa ko taku biyu babu. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Murhun lantarki soket nasa yake so shi kaɗai, a bango, da waya tun daga akwatin fis.

Ƙaramin janaretan nan na kallon ƙwallo bai kai wat 1,000 ba, kada ma a gwada. Masu sola kuma su yi lissafi. Batir mai amfiya 200 da bolt 12 yana riƙe wutar da ta kai yunit 2.4, kuma in na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Ke nan murhu a ƙure zai shanye rabon batir guda cikin minti talatin da 'yan kai. Wake bai ko fara laushi ba. Wanda ke da inbata mai ƙarfin kilowat 3 zuwa sama da isassun faranti, ya yi girkinsa tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana ke biyan kuɗin kai tsaye.

A nan ne indakshan ya yi wa halojin nisa. Kusan kashi 85 cikin ɗari na wutar da ya ja a cikin tukunya take ƙarewa, shi kuwa halojin wajen kashi 70 ne in gindin tukunyar ya zauna daidai. Na gwada su a shagona da ruwa lita biyu: indakshan ya tafasa cikin minti shida zuwa bakwai, halojin ya doshi goma. Ga mai mita ko mai batir, wannan tazara kullum sai ta fito a aljihu. Sai dai indakshan ɗan gata ne. Cikinsa allon lantarki ne irin na talabijin, in wuta ta zo ba ƙarfi sai ya ɗauke ya nuna lamba, in ta zo da hauka ya ƙone. Inbata mai arha da wutarsa ba ta fita sumul ma yana wahalar da shi. Halojin ya fi juriya, in wuta ta ragu jansa ne ke dusashewa, girki ya yi ta jan ƙafa.

Iyaye mata, ga abin da ya fi damuna da halojin. Bayan an kashe shi jan yana ɓacewa nan da nan, gilashin ya koma baƙi kamar ba a taɓa kunna shi ba, alhali zai iya sale fata har bayan minti goma sha. Mu kuma a ƙasa muke girki, inda mai rarrafe ke kaiwa. Na ga tafin hannun yaro da ya dafa shi, ba na fatan sake gani. Wasu suna nuna harafin H muddin da sauran zafi. A koya wa kowa a gidan ma'anarsa, kuma a ɗora murhun a kan teburi. Gilashin indakshan ma yana ɗaukar zafi daga tukunya, amma bai kai wannan ba, kuma da an sauke tukunya yake tsayawa. Nasa kashedin daban ne: kada a bar cokali ko murfin ƙarfe a kansa yana kunne, kuma wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya ana shawartarsa ya bar tazarar kamar santimita 60, ya kuma tambayi likitansa.

Dukansu biyu suna da fanka a ƙasa. Ƙurar hunturu tana toshe ta, kyankyasai kuma suna son ɗumin ciki. Rabin waɗanda nake buɗewa abin da nake tararwa ke nan. Kada a ajiye shi a kan tabarma ko buhu, a bar masa hanyar shan iska, in ya huce a rufe shi da ƙyalle.

Ban taɓa ce wa kowa ya rushe murhunsa na duwatsu ba. Tuwon gidan mutum goma sha biyar, da muciya da dannawa da jijjiga tukunya, gilashi ba zai ɗauka ba, tsagewa zai yi. Amma ina so hayaƙin da matanmu ke shaƙa ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. In shayin safe da kunun yara da miya da ɗumame suka koma kan lantarki, awannin da uwargida ke yi tana hura wuta idanunta na hawaye sun ragu sosai.

In ka tambaye ni, mai sola mai ƙarfi ya sayi indakshan da tukwane biyu masu shafaffen gindi, ba zai yi da-na-sani ba. Wanda ya dogara da wutar layi mai zuwa da rauni, kuma ba shi da halin canza tukwane yanzu, halojin zai fi yi masa biyayya, da sharaɗin teburi da soket na kirki. Wanda kuwa wuta ba ta kai masa awa biyu a yini kuma ba shi da sola, ya riƙe kuɗinsa tukuna, ko ya sayi murhun gawayi mai tattali.

Ita amaryar nan, mahaifinta ya so a mayar da murhun Kano a canzo. Na duba na ga mijin yana da sola a shagonsa na cajin waya da ke jikin gidan, inbatan kuma zai ɗauka. Na ja mata waya mai kauri zuwa madafa, na ba ƙaninta mayen ƙarfe ya tafi kasuwa da shi. Tukwane biyu ya sayo da butar shayi. Tukunyar alminiyum ɗin tana nan a tsakar gida a kan duwatsunta, ita ke tuwon dare.