Fendulum: Zare da Ƙwallon Ƙarfe Sun Isa Ka Auna Jan Ƙasa

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku 'yan ND I da kuka fara shiga ɗakin gwaje-gwaje na Fiziks a wannan zangon, ina so mu tattauna a kan gwajin da kusan kowa ke rainawa, wato fendulum. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: zare, ƙwallon ƙarfe ƙarami, sandar ƙarfe mai maƙali da ake rataya shi, toshiyar kwalba da aka tsaga biyu, rula mai tsawon mita ɗaya, sai agogon ƙirga sakan. Da waɗannan kaɗai ake gano ƙarfin da ƙasa take jawo kowane abu da shi, wanda muke rubutawa da harafin g.

Matsalar da nake gani, bayan kusan shekara biyu ina shiga lab, ita ce yawancinmu muna zuwa ne da amsa a aljihu. Littafi ya ce 9.81, don haka sai a yi ta gyara lambobi har su haifar da 9.81. Mu ɗalibai muna kiran wannan “dafa sakamako”. Ina so in nuna muku yadda ake yin aikin tsakani da Allah, sannan ku ga dalilin da ya sa 9.81 ɗin da ake dafawa ba ma ita ce lambar garinmu ba.

Ƙa'idar ita ce T = 2π√(L/g). T shi ne lokacin da ƙwallon ke ɗauka ya je ya dawo sau ɗaya, L kuma tsawon fendulum ɗin. Idan aka juya lissafin, g = 4π²L/T². Ku lura, nauyin ƙwallon bai shigo ciki ba sam. Wanda yake shakka ya canza ƙwallon da wani mai nauyi, ya bar tsawon yadda yake, ya sake aunawa. Gani ya kori ji.

Abu na farko shi ne tsawo. Ana auna L daga ƙasan toshiyar da ta matse zaren har zuwa tsakiyar ƙwallon, ba zuwa samansa ba. Ka auna faɗin ƙwallon da baniya kalifa, ka raba biyu, ka haɗa da tsawon zaren. Idan faɗinsa santimita 2 ne ka manta da rabin nan, alhali tsawonka santimita 50 ne, ka riga ka yi kuskuren kashi 2 cikin 100 tun ba ka taɓa agogo ba. Ita kuma toshiyar, amfaninta shi ne ta tsayar da wurin da zaren ke lanƙwasa. In ka ɗaure zaren a jikin sanda kai tsaye, wurin zai riƙa motsi, tsawon ya riƙa canzawa.

Na biyu, kada ka ja ƙwallon da nisa. Ƙa'idar da ke sama tana aiki ne idan karkatar zaren ƙarama ce, ƙasa da digiri 10. A digiri 10, lokacin yana ƙaruwa da kusan kashi 0.2 cikin 100, abin da ba zai dame ka ba. A digiri 30 kuwa ƙarin ya kai kusan kashi 1.7, kuma tun da T sau T ake yi a lissafin, kuskuren ninkuwa yake yi: g ɗinka zai faɗo wajen 9.45. Ka sake shi a hankali ba tare da turawa ba, ka tabbatar yana tafiya a layi ɗaya, ba kewaye yake yi ba. A kashe fanka, a rufe taga idan iskar hunturu na kaɗawa.

Na uku, lokaci. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna, ɗan Adam yakan ɓata kusan sakan 0.2. Fendulum mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan sakan 2 ya je ya dawo. In sau ɗaya ka auna, kuskurenka zai iya kai kashi 10 cikin 100. In ka ƙirga zuwa da dawowa 20, wato kusan sakan 40, ya koma rabin kashi ɗaya. Ka yi alama a tsakiya, inda ƙwallon ya fi gudu, ka riƙa ƙirga daga nan. Sannan lokacin da ka danna agogo ka ce “sifili”, kada ka ce “ɗaya”. Wannan ɗan abin ya kayar da mutane da yawa: sun ƙirga 19 suna zaton 20 ne.

Na huɗu, kada ka tsaya a tsawo ɗaya. Ka ɗauki santimita 40, 60, 80, 100 da 120, kowanne ka auna sau biyu ka fitar da matsakaici. Sai ka zana giraf, T² a tsaye, L a kwance. Za ka samu miƙaƙƙen layi, gangarensa kuma daidai yake da 4π²/g. Idan L da mita ka rubuta, gangaren zai zo wajen 4.04. Alfanun giraf shi ne, ko da ka yi kuskure iri ɗaya a duk awon tsawonka, gangaren ba zai canza ba, sai dai layin ya ƙi bi ta sifili. Ka ga ke nan giraf ɗin ya tona kuskuren, kuma bai bari ya ɓata maka amsa ba.

To, yanzu mu koma kan 9.81. A shekarar 1656 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya ƙera agogo mai aiki da fendulum. A 1672 wani masanin taurari Bafaranshe, Jean Richer, ya tafi da irin wannan agogo daga Faris zuwa Kayen da ke Kudancin Amurka, kusa da layin Ikwaita. Sai ya ga agogon yana latti da kusan minti biyu da rabi kullum, har sai da ya rage tsawon fendulum ɗin da kusan milimita 3. Bai ɓoye abin da ya gani ba don ya saɓa wa na Faris, ya rubuta shi yadda yake. Daga baya Isaac Newton ya kafa hujja da wannan awon wajen nuna cewa duniya ta ɗan kumbura a tsakiyarta. Yau mun san g kusan 9.83 ne a ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya, wajen 9.81 a Faris, sannan kusan 9.78 a kusa da Ikwaita. Mu nan Najeriya muna kusa da Ikwaita, don haka tamu lambar wajen 9.78 take. Mai dafa sakamako ya kawo 9.81 cif, jan ƙasar Turai ya rubuta a rahotonsa.

Da agogon hannu da rular katako, duk abin da ya faɗo tsakanin 9.7 da 9.9 aiki ne mai kyau. In ka samu 9.3 ko 10.4, ka rubuta shi haka, ka bi matakan nan huɗu ka nemo inda aka samu tangarɗa, ka bayyana a rahotonka. Malamin da ya san aikinsa ya fi daraja wannan a kan lambar da aka yi wa kwalliya.

Na san ƙorafin: mutum goma a kan kayan aiki ɗaya, biyu na yi, takwas na kallo. Ku raba aikin, kowane tsawo a canza mai riƙe agogo da mai ƙirga da mai rubutu. Kuma wannan gwajin ba sai a lab ba. Zaren ɗinki mai ƙwari, noti babba daga wurin bakanike, ƙusa a jikin ƙofa da agogon wayarka sun wadatar a hostel.

Gobe wasunmu ne za su shirya wa 'yan sakandare gwajin WAEC da NECO, wasu su auna ruwan sha, wasu su duba ƙarfin kankare kafin a ɗora bene. A can babu amsa a bayan littafi, abin da ka auna shi mutane za su dogara da shi. Hannun da ya saba gyara lamba a kan fendulum ba zai daina ba ranar da aka miƙa masa samfurin ruwan rijiyar unguwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.